Labarin Gansakukar Teku da Baƙon da Ya Zama Ɗan Gida

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci babba da ƙarami, na bayyane da na ɓoye, ya kuma arzuta kowanne a inda ya ajiye shi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

 Abin da zan kawo muku a wannan mako labari ne na wata halitta da ke cikin ruwan teku, wadda ido ba ya ganinta, amma tana da wata sana'a wadda manomanmu ke biyan kuɗi masu yawa a kanta kowace damina.

Dalilin da ya sa na ɗauko shi kuwa, wata rana bayan la'asar muna zaune a zaure, wani aminina mai sayar da takin zamani yana kukan tsadar kaya, yana cewa manoman da a dā ke ɗaukar buhu yanzu sun koma saye da kwano. Sai wani tsohon almajirina, wanda Allah ya hore wa karatun jami'a bayan ya sauke, ya ce, "Allah ya gafarta malam, ai an gano wata 'yar halitta a teku mai yin takinta da kanta daga iska." Attajirin ya yi dariya, ya ce, "Yaro, in gaskiya ne, nawa ake sayar da buhunta?" Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Na sa yaron ya riƙa kawo abin da masana suka rubuta, yana karantawa yana fassara mini, ina tambaya yana amsawa, har na fahimci abin da Allah ya nufe ni da fahimta. Ga shi nan na tsara muku fasali fasali.

Fasali na farko: Mece ce gansakuka?

Kowane almajirin da ya fara karatun tsarki ya wuce ta kan mas'alar ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ya sāke saboda gansakuka, wadda Larabawa ke kira ɗuhlubu. Malamanmu na Malikiyya sun yi hukunci cewa irin wannan ruwa mai tsarki ne mai tsarkakewa, domin abin da ya sāke shi daga cikinsa ya fito. Mun karanta wannan, mun karantar, amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tambaya, shin ita wannan koriyar aba da ke kwance bisa kududdufi, mece ce haƙiƙarta?

Amsar ba ta samu ba sai da aka sami madubi mai girmama ƙaramin abu. Malam Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi babban littafi a kan yadda haske ke tafiya da yadda ido ke gani, mutanen Turai kuwa suka fassara shi suka amfana da shi. Amma wanda ya fara leƙa ɗigon ruwan tafki da madubi ya ba da labarin masu rai da ke ciki, ɗan kasuwa ne, ku ji da kyau ya ku fatake. Sunansa Antoni van Leeuwenhoek, mai shagon yadi a garin Delft na ƙasar Holan. Bai yi jami'a ba, bai kuma iya Latinanci ba, wanda shi ne harshen malaman Turai a zamaninsa. Da hannunsa ya riƙa gyara 'yan ƙananan gilasai har ya sami masu ninka girman abu fiye da sau 200. A shekarar 1674 ya ɗebo ruwan wani tafki, ya duba, sai ga zarurruka koraye a nannaɗe, ga kuma waɗansu 'yan halittu suna kai da kawowa. Ya rubuta wa majalisar masana ta birnin Landan abin da ya gani.

Daga nan, sannu a hankali, aka gane cewa duk mai rai an gina shi da 'yan ƙananan ɗakuna, kamar yadda ake gina gari da ɗakuna. Su ne ake kira ƙwayoyin halitta. Mutum da raƙumi da kuka, kowanne tarin ƙwayoyi ne da ba su ƙidayuwa. Amma akwai halittun da ƙwaya ɗaya tak ce dukan jikinsu, a cikinta suke ci, suke girma, suke haihuwa ta hanyar rabewa biyu. Da yawa daga cikin gansakuka irin waɗannan ne.

To, abin da ke bisa kududdufinmu ɗan kaɗan ne. Babbar rundunar tana cikin teku, tana yawo a saman ruwa iyakar inda hasken rana ke kaiwa. Aikinsu irin na ganyen itace ne: su haɗa hasken rana da ruwa da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, su yi sukari, sa'an nan su saki iskar oksijin wadda muke shaƙa. Masana sun ƙiyasta cewa wajen rabin wannan aiki da ake yi a duniya duka, waɗannan 'yan mitsi-mitsin na teku ne ke yinsa, sauran rabin kuwa itatuwa da ciyayin tudu. Su ne kuma abincin ƙananan dabbobin ruwa, waɗanda kifi ke ci, har ya zo ga kifin ƙanƙarar da ake sayarwa a kasuwanninmu.

Kada wani ya ce mu mutanen tudu ba abin da ya haɗa mu da su. Akwai jinsin da ke gina wa kansa gida na gilashi. Danginsu na ruwan daɗi sun rayu a Tafkin Cadi zamanin da yake da faɗi ninkin ba ninkin na yau, shekaru dubbai da suka wuce. Da ruwan ya janye, sai ɓawonsu ya kwanta fari fat a wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Cadi. Iskar hunturu ke kwasarsa, kuma wani kaso na farar ƙurar da ke rufe Maiduguri da Damagaram da Kano, ta hau bisa allunan yaranmu, daga can take. Akwai kuma jinsin da ke suturta kansa da faranta na farar ƙasa irin ta alli, wanda ɓawonsa ya taru har ya zama fararen duwatsun gaɓar Ingila ta kudu. Wadda za mu yi magana a kanta daga wannan jinsi na biyu take.

Fasali na biyu: Abin da ke cikin ɗakin

Ko da yake ƙwayar halitta ƙarama ce matuƙa, cikinta a tsare yake kamar gidan magidanci. Akwai turaka inda aka ajiye littafin gado, watau rubutun da ke ɗauke da umarnin yadda za a gina halittar da yadda za ta yi aiki, wanda 'ya'ya ke gada daga iyaye. Akwai murhu inda ake ƙona sukari a sami ƙarfi. A cikin ganye da gansakuka kuma akwai koren ɗaki inda ake kama hasken rana. Waɗannan sassa su ne gaɓoɓin ƙwaya, kamar yadda hanta da huhu suke gaɓoɓin mutum. Ma'aikatan gidan kuwa, masu yin kowane aiki, su ne ake kira furotin, kowanne da siffarsa da aikinsa, kuma bisa umarnin littafin gado ake ƙera su.

Ban da waɗannan, akwai wata al'umma ta halittu da suka fi su ƙanƙanta, waɗanda ba su da turaka ba su da ɗakuna, komi nasu a wuri ɗaya yake. Su ne bakteriya. Waɗansunsu ke kawo cuta, amma mafi yawansu ba su cutar da mutum, waɗansu ma amfani suke yi, kamar masu sa madara ta zama nono.

Da masana suka duba murhu da koren ɗaki da kyau, sai suka ga abin mamaki. Kowannensu yana da ɗan guntun littafin gado nasa dabam, kuma rubutunsa ya yi kama da na bakteriya. Wata malama Ba'amurkiya, Lynn Margulis, ta tsaya a kan wannan tun daga shekarar 1967, tana cewa waɗannan gaɓoɓi asalinsu bakteriya ne da suka shiga cikin wata ƙwaya a zamani mai nisa, suka zauna, har suka zama nata. Da fari an ƙi maganarta, daga baya hujjoji suka taru aka karɓa.

Ku fatake kun fi kowa sanin wannan. Baƙo yakan sauka a gidan fatoma da kayansa da tukunyarsa, ya yi cinikinsa, ya yi sallama ya tafi. Shi ya sa aka ce baƙo raɓa ne. Amma wani baƙon yakan daɗe, ya daina ɗora tukunyarsa, ya koma ci daga tukunyar gida, ya riƙe wa mai gida wani aiki, har a wayi gari in an ƙidaya mutanen gidan da shi ake ƙidayawa. To, a wajen masana irin wannan zama ɗan gida abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai. Kafin labarin da muke ciki, sau uku kaɗai aka tabbatar da shi daga asali: murhu, da koren ɗaki, da wani koren ɗaki dabam a cikin wata 'yar halittar ruwa mai suna Paulinella.

Fasali na uku: Mas'alar taki

Yanzu sai mu waiwayi kukan aminina. Abin da ya fi muhimmanci a cikin buhun taki shi ne wani sinadari da ake kira naitirojin. Ba a ƙera furotin sai da shi, ba a rubuta littafin gado sai da shi. In gero ko masara suka rasa shi, sai ganye ya yi rawaya, kara ya tsumbure, zangarniya ta fito ƙarama. A buhun yuriya mai kilo 50, kilo 23 naitirojin ne.

Ga abin lura. Iskar da ke kewaye da mu, kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Watau shuka tana tsaye cikin abincinta dare da rana, amma ba ta iya ci, kamar matafiyi mai ƙishirwa a tsakiyar teku. Dalili kuwa, naitirojin na iska yana zuwa ne biyu biyu, an ɗaure su da ɗauri uku masu ƙarfin gaske, kuma sai an kwance ɗaurin sa'an nan shuka za ta amfana.

Mutum bai iya kwance shi da yawa ba sai a ƙarnin da ya wuce. Wani Bajamushe, Fritz Haber, ya nuna hanyar a shekarar 1909, wani kuma, Carl Bosch, ya mai da ita masana'anta a garin Oppau a 1913. Hanyar tana bukatar zafi wajen digiri 400 zuwa 500, da matsi mai tsanani a cikin tukwanen ƙarfe, da iskar gas mai yawa. Saboda haka ne in kuɗin gas ya tashi, kuɗin taki ya bi shi, kamar yadda duniya ta gani a shekarar 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya suna cin abincin da aka noma da irin wannan taki.

Amma abin da mutum ke yi da wuta da ƙarfe, Allah ya hore wa waɗansu bakteriya su yi shi cikin sanyi, da wani furotin guda da ke kwance ɗaurin. Kakanninmu sun amfana da wannan tun ba su san sunansa ba. Sun san gonar da aka shuka wake ko gyaɗa takan yi kyau a shekara mai zuwa, sun san gero yakan yi albarka a gindin gawo. Wanda ke son gani da idonsa, ya tuge gyaɗa ɗaya tana cikin ganiyarta, zai ga 'yan ƙulla-ƙulla a jikin saiwa. Ya fasa ɗaya da farce, in tana aiki zai ga cikinta ja-ja. Nan ne bakteriyar ke zaune, tana ba shuka taki, shuka tana ba ta sukari. Jan nan kuwa wani furotin ne ɗan'uwan wanda ke sa jininmu ja, aikinsa ya riƙe oksijin, domin oksijin yana lalata makwancin ɗaurin.

Sai dai baƙon da ke saiwar gyaɗa baƙo ne har yanzu. Ba ya cikin iri. Kowace damina sabuwar shuka sai ta nemo shi daga ƙasa. Don haka littattafan masana suka daɗe suna koyar da ƙa'ida cewa wannan sana'a ta halittu marasa turaka ce kaɗai, babu itace ko dabba ko gansakuka mai yin ta da gaɓar jikinta.

Fasali na huɗu: Neman mai warƙa

A shekarar 1998 wani masanin teku Ba'amurke, Jonathan Zehr, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Kalifoniya ta garin Santa Cruz, yana tace ruwan tekun Fasifik tare da abokan aikinsa, suna neman rubutun gadon furotin nan mai kwance ɗauri. Sai suka sami wani rubutu wanda ba su san mai shi ba. Kamar malami ne ya tsinci warƙa ɗaya a cikin gafaka, ya gane fannin da take magana a kai, amma bai san littafin da ta fito ba, bai kuma san marubucin ba. Suka yi wa mai warƙar laƙabi da haruffan boko, UCYN-A. Suka yi ta ƙoƙarin rainonsa a kwalba, ya ƙi.

Bayan shekara goma, a 2008, suka gano cewa ko da yake danginsa masu kama hasken rana ne su saki oksijin, shi ba shi da wannan sashe. A 2010 suka karanta littafin gadonsa duka, suka tarar babi babi sun ɓace, har da waɗanda halitta ke bukata don ta ciyar da kanta. Sai suka yi ƙiyasi irin na masu hankali: wanda ba shi da tukunya, amma ga shi raye ko'ina cikin teku, lalle akwai mai ciyar da shi. A 2012 suka nuna cewa yana tare da wata 'yar gansakuka, yana ba ta naitirojin tana ba shi abinci.

A can ƙasar Jafan kuwa akwai wata malama, Kyoko Hagino, ta Jami'ar Koci, wadda fanninta shi ne nazarin ɓawon ƙananan halittun teku na dā da na yanzu. Hankalinta ya tafi ga wata gansakuka mai suna Braarudosphaera bigelowii. Sunan yana da nauyi a harshe, don an haɗa sunayen masana teku biyu ne, Braarud na ƙasar Norwe da Bigelow na Amurka, saboda haka mu sai mu kira ta Bigelowi. Ƙanƙantarta, wajen guda biyar za su jeru bisa kaurin gashin kai ɗaya. A wani mataki na rayuwarta takan rufe kanta da faranta 12 na farar ƙasa, kowanne mai kusurwa biyar, a haɗe daidai wa daida kamar aikin gwanin magini. A wani matakin kuma takan tuɓe su ta yi iyo. A shekarar 2013 wannan malama da abokan aikinta suka yanka Bigelowi siriri siriri, suka duba da madubin lantarki, sai ga wani dunƙulallen abu a cikin cikinta. Da aka karanta rubutunsa, ashe mai warƙar nan ne.

Saura aiki mafi wuya, watau rainonta a kwalba, gama ba a iya binciken halitta sosai sai an same ta da yawa tana haihuwa a gaban mai bincike. Malamar nan ta yi fiye da shekara goma tana wannan nema. Ta je bakin teku ɗibar ruwa fiye da sau 300, ta zauna gaban madubi tana tsince su ɗaya ɗaya, ta sa a kwalba, su mutu, ta koma. A ƙarshe aka dace, bayan an ƙara wa ruwan rainon wani abu mai kauri da ake samu daga wata jar ciyawar teku wadda mutanen Jafan ke ci. Da ta samu kuwa ba ta ɓoye ba, ta aika wa mutanen Kalifoniya. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa.

Fasali na biyar: Hujjojin zama ɗan gida

Da gansakukar ta samu a kwalba, sai aka shiga tambayar da ta fi kowacce: shin wannan abu da ke cikinta baƙo ne irin na saiwar gyaɗa, ko kuwa gaɓa ce? Masana suna da sharuɗɗa a kan wannan, kamar yadda muke da sharuɗɗa a babin gado.

Hujja ta farko, girmansa yana bin girman mai gida. An gwada ire-iren Bigelowi manya da ƙanana, aka tarar babba tana da babban baƙo, ƙarama tana da ƙarami, bisa ma'auni guda. An bayyana wannan a watan Maris na 2024.

Hujja ta biyu, rabuwarsa tana bin rabuwarta. A wani babban ɗakin bincike a garin Berkeley aka ɗauki hotunan cikinta da haske mai ratsa jiki, irin na hoton asibiti, mataki mataki har ta rabe biyu. Aka ga kowace ƙwaya tana da baƙo ɗaya, kuma in lokacin haihuwa ya zo sai ya rabe a kan tsari tare da sauran gaɓoɓi, kowace 'ya ta tafi da ɗaya. Watau ya shiga cikin gado, 'ya ba ta bukatar nemo shi daga waje.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi. Wani matashin masani, Tyler Coale, da abokan aikinsa suka ware baƙon, suka ƙidaya ire-iren furotin da ke cikinsa, sai suka ga wajen rabinsu ba shi ya ƙera su ba. Umarninsu yana cikin turakar mai gida, a can aka yi su aka aiko masa, kuma suna cike gurbin babin nan da suka ɓace daga littafinsa. Har ma an ga da yawa daga cikin furotin da ake aika masa suna ɗauke da wata alama a wutsiyarsu, kamar yadda falke ke rubuta suna da gari a jikin buhu kafin a ɗora shi a mota, don kada kaya su ɓata.

Da waɗannan hujjoji aka yanke cewa baƙo ya zama ɗan gida, aka raɗa wa sabuwar gaɓar suna naitirofilas, watau ɗakin naitirojin. An buga bayanin a mujallar Science cikin watan Afrilu na 2024, wanda ya yi daidai da kwanakin ƙaramar salla ta shekarar 1445 ta Hijira, shekara 26 ke nan bayan tsintar warƙa. Ita ce halitta mai turaka ta farko da aka sani tana kwance naitirojin da gaɓar jikinta. Masanan sun ƙiyasta cewa zaman nasu tare ya faro wajen shekara miliyan 100 da suka wuce. Wannan ƙiyasinsu ne bisa alamomin da suka gani, ilmin haƙiƙar lokuta kuwa yana ga wanda ya halicci lokaci.

Fasali na shida: Amsa ga attajiri, da nasiha ga malamai

To, nawa ne buhu? Amsa ita ce babu buhu, ba a kuma sa ranar zuwansa ba. Fatan masana shi ne, tun da an ga gansakuka ta riƙe irin wannan gaɓa, wataƙila a koyi dabarar daga gare ta, wata rana a sa wa masara ko shinkafa ko dawa makamanciyarta, shuka ta riƙa yin takinta daga iska. Tun daga shekarun 1970 ake ƙoƙarin sa wannan sana'a a cikin amfanin gona, kuma har zuwa lokacin da aka buga wannan bincike ba a kai ga hatsin da ya wadatu da kansa ba. Wahalar a fili take. Bigelowi ƙwaya ɗaya ce, masara kuwa tarin ƙwayoyi ce, kuma dole gaɓar ta bi ta cikin iri daga shekara zuwa shekara. Ga kuma oksijin da ganye ke yi, mai lalata makwancin ɗauri. Saboda haka, ya ku attajirai, in wani ya zo muku da irin masara yana cewa ba ta bukatar taki domin an sa mata sirrin teku, ku riƙe kuɗinku. Ba a cinikin biri a sama.

Abin da ke hannu yau shi ne wanda muka gada. Manomi ya haɗa gero da wake, ya juya gonar masara da gyaɗa ko waken suya, ya bar gawo a tsaye kada ya sare, ya kai takin gida gona. Wannan ba zai kore bukatar buhu duka ba, amma zai rage ta. Mai sayar da taki da ya gaya wa manomi wannan bai yi hasara ba, gama manomin da ya sami amfani shi ne mai dawowa shago baɗi.

Mu kuma malamai, akwai abu biyu da na ɗauka daga wannan labari. Na farko, komawa ga gaskiya in hujja ta bayyana. Mutanen nan sun daɗe suna koyar da ƙa'ida, sai 'yar halittar da ido ba ya gani ta warware ta, suka gyara littattafansu ba tare da jin kunya ba. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Imamu Shafi'i yana da tsohon ƙauli na Iraƙi da sabon ƙauli na Masar, kuma wannan bai rage masa daraja ba ko kaɗan. Amma yau sau nawa ɗayanmu yakan faɗi magana a majalisi, a nuna masa nassi, ya ƙi janyewa don kada almajirai su raina shi?

Na biyu, haƙuri a kan nema. Yaranmu na yanzu, in ɗaya ya yi wata shida bai wuce izu ɗaya ba, sai ya ce kansa ba ya ja, ya ajiye allo ya tafi neman kuɗi. A gaya musu labarin matar da ta koma bakin teku fiye da sau 300 saboda abin da ba a sayarwa a kasuwa. In an yi wannan haƙuri a kan sanin halitta, yaya ya kamata a yi a kan Littafin Mahalicci? Kuma wanda Allah ya ba ɗa mai kaifin hankali, bayan ya sauke ya san farillansa, kada ya hana shi irin wannan karatu. Duban halitta da tunani a kanta abu ne da addininmu ya yi kira gare shi, kuma ƙasarmu tana bukatar 'ya'yanta waɗanda za su duba saiwar wakenmu da ƙasar gonakinmu da idon sani, su gaya wa manomi abin da zai amfane shi.

Aminina mai taki, da na karanta masa wannan kafin in aika, ya yi shiru, sa'an nan ya ce gobe in ya je gona zai tuge gyaɗa ɗaya ya fasa ƙullin ya gani. Na ce masa ya kyauta, gani ya kori ji.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure kuwa daga gare ni ne, kuma ina roƙon masu sani su gyara mini ta hannun editan wannan shafi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sauƙaƙa wa manoma, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya ƙara mana ilmi mai amfani. Allah shi ne Mafi sani. Wassalamu.